Gwajin kyauta ya ƙare, waƙoƙin da na sauke suka kulle

Da wata manhajar sauraron waƙa ta ba ni gwajin kyauta, lissafin gida na yi: in kwashi iya abin da zan kwasa kafin wa'adi ya cika, in soke, in ci gaba da ji ba data. Ai haka muka saba. Ka je wurin masu turi a kasuwar waya su cika maka memori, ko aboki ya tura maka ta Xender, shi ke nan waƙa ta zama taka.

Na yi ta saukewa kuwa, na gwada a hanya inda babu sabis, komai lafiya lau. Wa'adi na cika, sunayen waƙoƙin suna nan a jere amma sun dushe, in ka taɓa sai shafin biyan kuɗi ya fito. Na leƙa ma'ajiyar waya. Wurin da suka cinye yana nan a cinye, fayilolin kuma gutsi-gutsi ne masu sunayen lambobi, ba abin da zai buɗe su. Ko ka tura wa wani, aikin banza ne.

Kulle su aka yi da abin da ake kira DRM, wato fasahar hana kwafar fayil ko buɗe shi ba izini, makullin kuma yana tare da rajistarka, muddin kana biya. Kamfanonin ba su ɓoye wannan ba, mu ne karanta sharuɗɗa bai dame mu ba. Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, yana barin mai biya ya sauke waƙa har 10,000 a kowace na'ura, na'urori 5, amma dole ya hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30. Wannan sharaɗin shi ya toshe dabarar da wasu ke ba da shawara, wai ka kashe data kada manhaja ta gane. YouTube Music ma kwana 30 ɗin ne. A Apple Music kuwa, wanda ya soke ana tsakiyar gwaji yana iya rasa damar nan take, wanda kuma ba ya son a ciri kuɗinsa sai ya soke aƙalla awa 24 kafin ƙarshe.

Ni dai ban ga zalunci a ciki ba. Kuɗin wata ba zai sayi dubban waƙoƙi ba, mawaƙi kuma da yawan saurare ake biyansa.

Jerin waƙoƙina bai ɓace ba, ina jin su a tsarin kyauta da data, talla na katse ni. Na goge kullallun fayilolin, waya ta samu sarari. 'Yan kaɗan da nake so su zauna hannuna, saye nake yi: a Bandcamp, shafin sayar da waƙa, fayil ake ba ka, waƙoƙin iTunes Store, shagon waƙa na Apple, ma an cire musu kulle tun 2009. In kuma na karɓi wani gwajin, a ranar nake sa tunatarwa a kalandar waya, don kada su ciri kuɗi a katin banki da suka riga suka karɓa.