Bargon da zare ke zaɓa wa launi

Alhamdulillahi, bargon da nake saƙawa ya kai rabi. Zaren ulun irin mai rikiɗar nan ne, a curi guda sai ya taso daga shuɗi ya gangara kore, kafin ki ankara ya koma ruwan hoda, ba ki yanke ba, ba ki ƙulla ba.

Murabba'i nake yi ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗora madauki 41 a allura, duk layi na biyu in rage biyu a tsakiya, har su ƙare a kusurwa. Abin da ya fi burge ni ke nan: tunda layin raguwa yake yi, zaren da yake ci ma raguwa yake, sai launi ya fara siriri a baki, yana faɗaɗa yana nufar kusurwa. Sabon murabba'i kuwa a gefen na baya nake tsinto madaukansa, babu ɗinki.

Wata ƙawata ta ce in riƙa yanke zaren don launuka su daidaita. Ni kam a'a wallahi, in haka ne me ya kai ni sayen mai rikiɗa?

Masu saƙa, bakin bargon fa? Baƙi zan sa ko toka-toka?