Katin asibiti da takardar shekaru

Talata, bayan isha'i.

Yau ranar ganin likita ce, don haka ban leƙa ofis ba sai bayan azahar. Na karya da kunu da ƙosai, na tari kabu-kabu daga Mabera zuwa asibiti. Zafin kaka ya fara cizo tun hantsi. Awon jini ya nuna 150 bisa 90. Likitar, yarinya ce sa'ar ɗiyata ta biyu, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, gishiri hwa?" Na ce mata ta tambayi Hajiya, ita ke riƙe da ludayi.

A tagar magani na biya kashi 10 cikin 100 kamar kullum, inshora ta ɗauki sauran. Yaron da ke kan kwamfuta yana miƙo mini ledar sai ya ce, "Baba, ashe kun kusa aje aiki. Allah shi sa a gama lahiya. Amma ku sani, ranar da albashi ya tsaya, wanga kati ma ya tsaya." Na san da haka tun da daɗewa. Sai dai jin ta daga bakin yaro, ga kwalin maganin hawan jini a hannuna, ya sa na nemi benci na zauna kafin in fita.

Dokar aikin gwamnati a fili take: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta sun samu ƙari a 2022, nasu ya koma 65 ko 40, mu kuwa muna nan inda muke. Ni shekarun haihuwa ne suka cim mini, a Janairu mai zuwa. Wannan Janairun ma hedimasta ne ya ba ni shi. Ranar da aka kai mu makaranta ya sa kowa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne, wanda ya kamo ya shiga aji, sannan ya rubuta wa rabinmu 1 ga Janairu 1966. Inna, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa mini cewa ina bayanta a goye labarin kashe Sardauna ya iso Sakkwato, kuma har na fara zama. In haka ne a 1965 aka haife ni, gwamnati ta bar ni na ci 'yan watannin da ba nawa ba.

Tun da aka fara tsarin inshorar lafiyar ma'aikata a 2005, zamanin Obasanjo, katin nan ke ɗauke da ni da Hajiya da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Me muka ci da shi? Zazzaɓin cizon sauro, haihuwar auta, ɗinkin goshin yaro da ya faɗo daga katanga. Ni kaina nakan shekara ban taka asibiti ba. Yanzu da jiki ya fara karɓar bashinsa, ni da hawan jini, ita da ciwon suga, maganin da ba a ajiye shi sai ranar da aka ajiye mutum, yanzu ne katin zai ƙare. A ganina an ɗaura abin nan a baibai.

Da la'asar saƙon murya ya shigo ta WhatsApp daga ɗan baffana da ke aiki a Amurka. Ya girme ni, yana dab da cika 65, kuma murna yake yi wai zai shiga Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin can. Can tsufan ne ke buɗe ƙofar. Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu a 1965, shekarar da Inna ta ce an haife ni. Ɗan baffan nawa ya ce wanda ya yi aikin shekara 10 yana biyan haraji ba ya biyan kuɗin wata na ɓangaren kwanciya asibiti, amma na ganin likita ana cira duk wata. Wata bakwai ake ba mutum ya yi rajista, uku kafin watan haihuwarsa, watan kansa, da uku bayansa, wanda ya yi sakaci kuma a ƙara masa kuɗi. Har ƙorafi yake yi wai takardun sun yi yawa. Na ce masa, "Yaya, ka aiko mini da rabin takardun in taya ka cikewa."

Ba wai nan babu komai ba. Dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma sa tsofaffi cikin masu rauni da aka ce za a ware wa asusu. Akwai GIFSHIP, inda mutum ke biya wa kansa da iyalinsa shekara-shekara, kowane kai da kuɗinsa. Jiha ma tana da hukumarta, SOCHEMA. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Duk ɗan fanshon da ke zama majalisarmu bayan magariba ya san wannan ramin, kuma suga ba ya jiran a gama tantance fayil.

Bayan mun ci tuwo na faɗa wa Hajiya abin da yaron ya ce. Ba ta ce uffan ba, ta tashi ta ɗauko kwalayen magungunanmu ta jera su bisa tabarma, ta sa auta ya rubuta farashin kowanne a chemist ɗin bakin titi, ba na inshora ba. Da ya haɗa jimilla sai ta ce a sake lissafi. Aka sake, bai canza ba.

Ta yanke hukunci nan take: kafin Janairu za a duba mini ido da wannan haƙorin da nake ta ɗaga wa ƙafa, ita kuma a yi mata awon ƙoda. Tunkiyarta ɗaya za ta tafi kara a ajiye kuɗin don rajistar shekarar farko. Ni aikina gobe in biya ofishin inshora in ji nawa ne kuɗin mutum biyu, kuma ko za su bar mu a asibitin da fayil ɗinmu yake.