Abin da na ji a ƙofofin gidaje lokacin kamfen ɗin Ilhan Omar

A 2018 ina zaune a Minneapolis, sai na shiga sahun masu aikin sa kai da ke bin gida-gida suna nema wa Ilhan Omar, Musulma 'yar asalin Somaliya, ƙuri'ar kujerar majalisar wakilan Amurka a mazaɓa ta 5 ta jihar Minnesota. Za a ba ka jerin masu rajista, ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka yi magana kan inshorar lafiya da kuɗin haya da albashi, sannan ka rubuta amsar mai gida.

A unguwar Cedar-Riverside, inda Somaliyawa suka fi yawa, addu'a ake yi mana. Da muka nausa unguwannin bayan gari, sai tambayoyin suka sauya. Wani ya ce shin da ɗankwalinta za ta iya wakiltar kowa, wata ta tambayi wa zai kula da 'ya'yanta, wani kuma yana so ya ji ko Amurka ce a zuciyarta ko Somaliya. Matar da ta zama 'yar ƙasa tun 2000, har ta riga ta shiga majalisar jiha! Mun yi wa maza fararen fata na jam'iyyarmu kamfe a ƙofofin nan, ban taɓa jin an tambayi wa zai yi musu reno ba.

Shekara guda kafin nan, Greg Gianforte, farar fata mai takarar majalisar wakilan Amurka, ya kayar da wani ɗan jarida ƙasa a Montana ana gobe zaɓe. Ya ci zaɓen, ya amsa laifinsa a kotu, daga baya ma ya zama gwamna. Na sha tambayar kaina, da mace baƙar fata Musulma ce ta ɗaga hannu haka, ina za ta kwana?

Ilhan ta ci da kusan kashi 78 cikin 100, amma sai da aka gyara dokar majalisar wakilai ta 1837 mai hana rufe kai kafin ta zauna da ɗankwalinta. A Yulin 2019 Shugaba Trump ya ce ita da wasu 'yan majalisa mata uku su koma inda suka fito, alhali su ukun a Amurka aka haife su.

Tsofaffin hannu a aikin sun koya mini cewa idan ka tsaya kare kishin ƙasar Ilhan, to ka yarda ke nan akwai abin tuhuma. Sai na riƙa amsawa a taƙaice, in mayar da zancen kan abin da ke damun mai gidan, kuɗin magani ne ko makarantar yara. Na kuma lura mutane sun fi sakin jiki su faɗi abin da ke ransu idan farar fata ne ya ƙwanƙwasa, don haka a unguwanni masu wuya muka riƙa fita biyu-biyu, ni da wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga koyarwa. Shi ke fara gaisuwa, ni in miƙa takardar ranar zaɓe da adireshin rumfa.