Oracle: yadda mutum uku suka ci arziki da binciken IBM

Ba Oracle, kamfanin da ke sayar da rumbun bayanai (manhajar ajiye bayanai da nemo su), ne ya ƙirƙiro tunanin da ya yi arziki da shi ba. A shekarar 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Edgar Codd, da ke aiki a cibiyar binciken IBM ta San Jose, ya wallafa takarda yana cewa a riƙa ajiye bayanai a jadawali, layi-layi, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, ita manhajar ta nemo hanyar da za ta bi ta kawo. Kafin nan, dole mai rubuta manhaja ya san ainihin inda kowane bayani yake kwance da hanyar da ke kai wa gare shi, kuma in aka sauya tsarin ajiyar sai a sake rubuta manhajar. IBM ta kafa aikin gwaji mai suna System R, inda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen tambaya da daga baya ya zama SQL. Sai dai kamfanin yana samun kuɗi sosai daga tsohon rumbunsa na IMS, don haka bai yi gaggawar kai sabon kasuwa ba. Masu binciken kuwa suna ta wallafa abin da suka gano, kowa na karantawa.

Cikin masu karantawar akwai Larry Ellison da Bob Miner da Ed Oates, waɗanda suka san juna a kamfanin Ampex, inda aka yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA wani aiki mai laƙabin Oracle. A watan Yunin 1977 suka kafa Software Development Laboratories a Santa Clara da jarin dala 2,000, Ellison ya zuba 1,200 daga ciki. A 1979, lokacin sun koma Relational Software, suka fitar da manhajar Oracle, wadda daga baya kamfanin ya ɗauki sunanta, suka kira ta sigar 2, duk da ba su taɓa sayar da ta 1 ba, saboda sun san mai saye yana tsoron sigar farko. Sansanin sojin sama na Wright-Patterson ne ya fara saye. Manhajar danya ce ƙwarai, ko soke aikin da ya lalace a tsakiya ba ta iyawa. Amma ta riga IBM shiga kasuwa da shekara biyu, domin rumbun IBM mai suna SQL/DS sai a 1981 ya fito, DB2 kuma a 1983.

A ganina shawara uku ce ta ɗaga kamfanin, kuma dukkansu na injiniyoyi ne, ba na 'yan talla ba.

Ta farko, riƙe SQL. Babban abokin gabarsu na lokacin, Ingres, wanda ya fito daga jami'ar Berkeley a hannun Michael Stonebraker, yana amfani da harshen QUEL, kuma masana da yawa na ganin ya fi SQL tsabta. Da hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da SQL a 1986, magana ta ƙare. Ta biyu, a 1983 Miner da Bruce Scott suka sake rubuta manhajar gaba ɗaya da harshen C. Sigar 2 an rubuta ta ne don injin PDP-11 kaɗai. Sigar 3 kuwa ana iya ɗora ta a kan VAX da Unix da manyan injinan IBM. Kamfanin da ya sayi inji iri uku daga masu ƙera uku zai iya amfani da rumbu ɗaya. Sunan Scott ɗin nan shi ne ya rage a asusun gwaji na scott/tiger da ɗalibai suka shekara da shekaru suna koyo da shi, Tiger kuwa sunan kyanwar 'yarsa ne.

Ta ukun ce ta cancanci a tsaya a kanta, don har yau ita ke hana masu kula da rumbu barci. A ce banki na da asusu miliyan ɗaya, an tayar da rahoton da zai haɗa jimillar kuɗin da ke ciki da ƙarfe 10:00, kuma zai ɗauki minti arba'in. Da 10:15 wani ya tura naira 50,000 daga asusun da rahoton ya riga ya karanta zuwa wanda bai kai gare shi ba. In ba a yi dabara ba, za a ƙirga kuɗin nan sau biyu. Yawancin rumbunan wancan zamani kulle suke sakawa: mai karatu ya tare mai rubutu, ko mai rubutu ya tare mai karatu, kowa ya jira. Oracle tun daga sigar 4 a 1984 ya bi wata hanya. Kafin ya sauya bayani sai ya ajiye tsohon a gefe, a wurin da yanzu ake kira undo. Rahoton da ya iso asusun da aka taɓa bayan 10:00 sai ya koma wurin ya ɗauko yadda yake a 10:00. Babu mai jiran wani. A sigar 6 ta 1988 aka ƙara kulle layi ɗaya tak maimakon jadawali ko shafi guda, abin da abokin gabarsu Sybase bai samu ba sai a 1998, kuma jinkirin ya jawo masa asarar manyan masu saye.

Amma wurin ajiyar tsohon bayanin yana da iyaka, zagayawa yake yi yana rubutu a kan na baya. In rahoto ya daɗe har aka shafe abin da yake buƙata, sai ya mutu da kuskuren ORA-01555. Mutane kan ɗauka rumbun ne ya lalace, alhali lissafi ne bai yi daidai ba. Ma'aunin UNDO_RETENTION yana zuwa a daƙiƙa 900, wato minti goma sha biyar, rahoton kuma na son arba'in. Gyaran shi ne a auna tambaya mafi tsawo, a ɗaga ma'aunin ya zarce ta, sannan a faɗaɗa wurin undo ya iya ɗaukar sauye-sauyen wannan tsawon lokaci, domin ɗaga lambar kaɗai ba ya hana shafewa in wuri ya cika. Wanda kuma ya buɗe tambaya a kan jadawali, yana sauya shi yana COMMIT, wato tabbatar da sauyin, a cikin zagayen karatun, shi da hannunsa yake share abin da zai nema nan gaba.

Oracle ya shiga kasuwar hannun jari ranar 12 ga Maris 1986, kwana ɗaya kafin Microsoft. Shekara huɗu bayan nan ya kusa durƙushewa, kuma ba fasaha ce ta jawo ba. Masu tallansa suna lallashin abokan ciniki su sa hannu a kan sayen shekaru masu zuwa, a rubuta kuɗin duka a littafin wannan zangon, su karɓi ladansu. Da kuɗin ya ƙi shigowa, asiri ya tonu. A 1990 aka yi asara, aka sallami kusan mutum 400, kashi goma cikin ɗari na ma'aikata, aka sake lissafin ribar da aka bayyana, masu hannun jari suka kai ƙara. Jeff Henley ya zo ya riƙe kuɗi, Ray Lane ya gyara sashen ciniki, Oracle7 na 1992 ya dawo da amincewar masu saye da ajiyayyun umarnin PL/SQL (harshen Oracle da ke ƙari a kan SQL) da injin zaɓen hanyar tambaya bisa ƙididdigar bayanai. Wani abokin gabarsu, Informix, ya faɗa irin wannan ramin a 1997, bai fita ba, IBM ta saye rumbunsa a 2001.

Daga nan labarin ya koma na saye: PeopleSoft a kan dala biliyan 10.3 bayan wata goma sha takwas ana kokawa, Siebel a 2006, BEA a 2008, Sun a 2010 a kan biliyan 7.4, wanda ya kawo Java da MySQL, sai Cerner a 2022. Wanda ya fi shafar mu shi ne na 2005, lokacin da Oracle ya sayi kason Citigroup a kamfanin i-flex na Indiya, mai manhajar Flexcube da bankuna da dama a Najeriya ke gudanar da asusun jama'a a kanta.

Halin cinikin nan bai mutu ba, ya koma cikin takardar lasisi, kuma a nan ne ma'aikatu ke ƙonewa. Farashin Enterprise Edition, babbar sigar rumbun, a jerin kamfanin dala 47,500 ne ga kowace "furosesa", amma furosesa a wurinsu ba guntun da ake gani a kan allon inji ba ne. Ana ƙirga ƙwayoyin da ke cikinsa ne, a ninka da 0.5 in na Intel ko AMD ne. Sabar mai guntu biyu, kowane da ƙwaya 16, tana da ƙwaya 32, wato lasisi 16, dala 760,000. Kuɗin tallafi kashi 22 ne cikin ɗari duk shekara, dala 167,200. Ana samun ragi a ciniki, amma daga nan ake farawa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ƙarin kayan da ake biya daban, irin su Partitioning da Diagnostics Pack, suna zuwa a cikin manhajar, babu abin da zai hana ka taɓa su. Ma'aikaci ya ciro rahoton AWR, wanda ke cikin Diagnostics Pack, sau ɗaya don gano abin da ke jan aiki, rumbun ya rubuta a DBA_FEATURE_USAGE_STATISTICS, ranar da masu binciken lasisi suka zo sai a nemi kuɗin kowace furosesa. Wanda bai sayi wannan kayan ba, ya mayar da CONTROL_MANAGEMENT_PACK_ACCESS zuwa NONE tun ranar da ya girka, ya yi amfani da Statspack, makamancinsa da ke kyauta. Haka wanda ya ɗora rumbun a kan VMware, manhajar da ke raba inji ɗaya ya yi aiki kamar injuna da yawa: Oracle ba ya yarda cewa ƙwaya huɗu kawai ka ware masa, yakan nemi a ƙirga duk injinan da rumbun zai iya komawa kansu. Mafita ita ce a ware masa injinansa daban.

Ɗalibi ko ƙaramin ofis ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. Express Edition kyauta ne, iyakarsa zaren furosesa biyu, RAM gigabait 2 da bayanai gigabait 12, kuma ya ishi mutum ya koyi undo da kulle da RMAN, kayan ajiye kwafin rumbu da maido shi. In bayanan sun zarce haka kuma babu manhajar da ta tilasta Oracle, a fara gwada PostgreSQL, wanda ya samo asali daga aikin da Stonebraker ya yi a Berkeley bayan Ingres.