Abin da 5000mAh ɗin wayarka ke nufi

Jiya da daddare ƙanwata mai shirin WAEC ta tsare ni da tambaya: "Yaya, wannan 5000mAh da ake rubutawa a kwalin waya, ilektiron nawa ke nan?" Muka ɗauko biro, muka juya bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa.

mAh (miliamfiya-awa) ma'aunin cajin da batiri ke ɗauka ne, shi ma kulom ma'aunin caji ne. mAh ɗaya daidai yake da kulom 3.6, tunda miliamfiya ɗaya na tura kashi ɗaya cikin dubu na kulom a kowace daƙiƙa, awa guda kuma daƙiƙa 3,600 ce. Batirin nan yana tura kulom 18,000 kafin ya mutu. Shi kuwa ilektiron guda, wato ɗan ƙanƙanin ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, cajinsa kulom 1.602 × 10⁻¹⁹ ne, adadin da masana awo suka tsayar cak a 2019. Da muka raba, sai ga kusan 1.12 × 10²³. Wato 1 da sifili 23 a bayansa, har da ɗori!

Inda abin ya fi ratsa ni shi ne litiyom, sinadarin da ke cikin batirin waya. Kowane ilektiron da ya bi ta waya, ƙwayar litiyom ɗaya ce ke tsallakawa a cikin batirin. Muka lissafa nauyinsu gaba ɗaya, bai wuce giram 1.3 ba. Da shi muke kira, muke kallo, muke haska ɗaki in an ɗauke wuta. Wallahi ina son malamanmu su riƙa koyar da lissafin caji da wayar da ke aljihun ɗalibi.