Yadda Muka Fito da Bayanan Tallafin Lafiyar Ƙwaƙwalwa Fili

Lokacin da aka ɗora mini alhakin gyara yadda gidauniyarmu take sanar da tallafin da take bai wa ƙungiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da masu yaƙi da shaye-shaye, na ɗauka aikin ba zai wuce mako biyu ba, domin a ganina ba mu taɓa ɓoye wa kowa komai ba. Wata baiwar Allah ce ta nuna mini kuskurena. Ita take jagorantar wata ƙaramar ƙungiya ta iyayen da 'ya'yansu suka faɗa shan miyagun ƙwayoyi, ta kuma buga mini waya bayan an riga an rufe karɓar takardun neman tallafi. Sanarwar tana nan a shafinmu na intanet, amma a can tsakiyar rahoton shekara, wanda hoton shafukansa kawai aka ɗauka aka ɗora, ta yadda ko mutum ya rubuta "shaye-shaye" a wurin bincike babu abin da zai fito masa. Bugu da ƙari, mun sanya tallafin a ƙarƙashin "walwalar al'umma", sunan da babu mahaifiyar da hankalinta ya tashi da za ta yi tunanin nema da shi.

Na ari tsarin 360Giving, ƙungiyar da aka kafa a Birtaniya a 2015 domin masu bayar da tallafi su riƙa wallafa bayanansu a fasali guda, wato kowane tallafi da lambarsa, da sunan wanda ya karɓa, da adadin kuɗin, da ranar bayarwa, da taƙaitaccen bayanin aikin. A saman wannan na ƙara abin da masu nema suka fi tambaya, wato wa ya cancanta da kuma yaushe za a rufe. Wasu abokan aikina sun ga kamar ɓata lokaci ne, sai na tuna musu rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda ya nuna cewa abin da gwamnatoci suke kashewa a kan lafiyar ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na kasafin lafiya. Idan kuɗin ya yi ƙaranci haka, bai kamata a bar shi ga manyan ƙungiyoyi masu ma'aikacin da ba shi da aiki sai farautar tallafi ba.

Inda na fi shan wahala shi ne batun sirri. A jerin farko na saka adireshin wani gida da masu murmurewa daga shaye-shaye suke zama, shugaban gidan kuwa ya kira ni ransa a ɓace, domin maƙwabta ba su san ko su wane ne mazaunansa ba, kuma tsangwama tana iya korar mutum daga magani. A ranar na cire adireshin. Tun daga nan sunan ƙungiya da yankin da take aiki kawai muke wallafawa, kuma ba ma ɗora bayanin kowace ƙungiya sai ta gani ta amince da shi tukuna.