Sak ɗin lakwal da barcin ɗiyanmu

Rantire, wato komawa lakwal bayan babban hutu, ta matso, duk wanda ya leƙa babbar kasuwa ran Litinin ko ran Juma'a ya ga yadda anka rataye sak na 'yan lakwal tun daga bakin rumhuna har cikin lungu, masu hoton 'yan ƙwallo, masu hoton katun, masu taya, ga na gwanjo an zube a ƙasa ana tona. To ni yau magana biyu ke gare ni, ɗaya kan sak ɗin, ɗaya kan abin da na ga ya hi sak ɗin muhimmanci nesa ba kusa ba amma ba kowa ke maganarshi ba, wato barcin yaran.

Mu fara da sak. Yaro hoto yake kallo, kai uba ko uwa ɗinki za ka kalla. Juya shi ciki waje ka duba inda igiyoyin kafaɗa sunka haɗu da jikin sak ɗin, nan ne ke fara ɓallewa kullum, sannan ka ja zip ɗin sama da ƙasa ka ji ko shina sarƙewa. Igiyoyin su zama biyu, masu faɗi, da soso a ciki, kuma waɗanda ake iya ragewa ko a ƙara. Mai igiya guda da ake ratayawa a kafaɗa ɗaya bai dace da ƙaramin yaro ba, sai ka ga shina tahiya a karkace. Masu taya kuwa a garin nan namu ban ga amfaninsu ba, yaron da zai taso daga unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Soho cikin wanga rairai ina zai ja taya, ƙarshe ɗauka zai yi a baya ga nauyin ƙarhen da tayoyin sun ƙaru a banza. Ni dai a gurina sak ɗin gwanjo mai kauri ya hi sabo mai ƙyalli wanda ba ya ganin hutun Disamba, in kuma sabon ka saya to ka biya gurin baduku ya ƙara bin igiyoyin da zare mai ƙarhi tun kahin a zuba komi ciki.

Kada a saya ma ɗan CI, wato ɗan aji ɗaya, sak ɗin ɗan kwaleji wai don ya girma da shi. Faɗin sak kada ya wuce faɗin bayan yaro, kuma kada ya sauko ƙasa da ƙugu shina dukan mazaunai in ana tahiya. Abin da likitoci sunka saba faɗi shi ne kada nauyin sak ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaron, ke nan yaro mai kilo 30 iyakarshi kilo 3 zuwa 4 da rabi. Lita guda ta ruwa kaɗai kilo guda ce, ƙara da kaye-kaye, littahin karatu, na lissahi, arduwaz, wani ma har da littattahan Islamiyya duk a cuccushe guri ɗaya don ba mai duba mishi. Duk dare a zazzage sak ɗin a bar na gobe kaɗai, masu nauyi a sa su daga can ciki su jingina da bayan yaro. Wanga ya isa kan sak.

Yayata madam ce, ta daɗe tana riƙe 'yan CE2, wato aji huɗu na firamare, ita ta ja hankalina kan batun barci. Ce min ta yi, "Ƙanena, kai dai bari, kahin ƙarhe tara na san yaron da ya kwana da wanda bai kwana ba, kuma ba duka ke gyangyaɗi ba fa, wani sai tsokana da motse-motse, ka yi mishi tambaya ya zuba maka ido, abin da ya iya jiya yau ya ɓace." Na ce "Yaya ba yunwa ba ce?" Ta ce akwai yunwa, akwai masassara, amma in ta tambayi yaron ƙarhe nawa ya kwanta sai ta ji sha ɗaya, sha biyu, wani ma bai sani ba don gaban tele barci ya ɗauke shi.

Abin da ke ci min rai shi ne irin waɗanga yara su ake kira daƙiƙai, su ke shan bulala a lakwal, a koma gida a ƙara musu, alhali ba ƙwaƙwalwa ce babu ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta hitar da ƙa'ida a 2016, yaro mai shekara 6 zuwa 12 shina buƙatar awa 9 zuwa 12 na barci a kwana guda, mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yanzu mu yi lissahi da rayuwarmu ta nan. Yaron da ake tayarwa biyar da rabi don sallar asuba, daga nan ya ɗauki allo ya tahi gurin malam, ya dawo ya sha koko ya ruga lakwal ƙarhe takwas, in ana so ya samu ko da awa 9 ɗin nan ta ƙasa to takwas da rabi na dare ya kamata a ce ya riga ya yi barci, wato jim kaɗan bayan lisha. A gida nawa ake haka? Bayan lisha ne ma hira ke farawa, a kunna fim ɗin Indiya na fassara, wasu yaran suna makarantar dare, 'yan mata ba su dawo daga talla ba, samari suna fada ana ta dafa shayi.

Kuma barcin nan ba hutu kaɗai ba ne. Abin da yaro ya koya da rana, ƙwaƙwalwa tana riƙe shi ne na ɗan lokaci, sai cikin barci mai nauyi take maimaita shi ta mai da shi inda zai zauna. Kamar hatsi ne da anka girbe anka bari a gona, in ba a kai shi rumbu ba ai ba a gama aiki ba. Shi ya sa yaron da ya yi tilawa ko ya haddace tabil ɗin sau da maraice ya kwanta da wuri, da sahe sai ka ji abin ya zauna mishi. A cikin barci mai nauyin ne kuma jiki ya hi sakin sinadarin da ke sa yaro girma.

Manyan yara, 'yan kwaleji da 'yan lise, nasu ya hi wuya. In yaro ya fara balaga agogon jikinshi na ja baya, barci ba ya zo mishi da wuri ko ya kwanta, ba lalaci ba ne, haka jiki yake a wannan shekarun. Saboda haka ne ma likitocin yara a Amurka sunka ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun sakandare su fara darasi kahin takwas da rabi. To ga wannan, sai kuma mu ƙara mishi waya a hannu, hasken wayar na jinkirta sinadarin da ke kawo barci, kuma bidiyo ɗaya na kiran wani har ƙarhe ɗaya na dare. Shayin fada kuma da kohi, abin da ke hana barci a cikinsu na ɗaukar wajen awa 5 kahin rabinshi ya bar jiki, wanda ya sha na farko da na biyu ƙarhe goma ai ya sallami daren. Ina jin tausayin masu shirin BEPC da Bak da ke kwana zaune ana gobe jarrabawa suna bita da kohi, iyaye kuma na yaba musu wai suna ƙoƙari, wallahi da sun ruhe kaye ƙarhe goma sun kwanta da ya hi musu.

Ba ina cewa a cire yaro daga makarantar allo ba, Allah ya kiyaye, karatun ma shi ne ya hi buƙatar kai mai hutu. Cewa nike a zauna a duba yinin yaron gaba ɗaya, in shina zuwa ta asuba to a sauwaƙe mishi ta dare a ranakun lakwal, a bar ta ran da babu lakwal washegari. In ya dawo da tsakar rana a bar shi ya yi ƙailula ko ta rabin awa ce maimakon a aike shi niƙa cikin rana. Wayoyi a tara su ɗakin uwa bayan lisha, har da ta babban wa, don ƙanne shi suke kallo.

Akwai abin da ba laihin kowa ba, na sani. Watan Afrilu da Mayu zahi na wuce digiri 40, a ɗauke wuta, ɗaki ya zama ba ya shiguwa, kowa ya hito tsakar gida sai can wajen asuba iska ke sauka. Farkon rantire kuma daidai yake da ƙarshen damina, lokacin da sauro da masassara sunka hi yawa, yaron da ya kwana shina kai ma kanshi mari ba barci ya yi ba, a ɗaura mishi gidan sauro ko a waje yake kwana, in ya yage a ɗinke. Wanda kuma ke minshari mai ƙarhi kullum, ko shina kwana baki buɗe numfashi na tsayawa shina dawowa, wanga a kai shi likita ya duba maƙogwaro da hanci.

In anka kira taron iyayen yara na farko bana, ina da niyyar in roƙi darakta da mushe-mushenmu abu biyu, su riƙa faɗa ma yara littattahan da za a yi aiki da su gobe don kada su kwaso duka, sannan aikin gida na ƙananan aji ya zama wanda za a iya gamawa kahin magariba. Wanda ke da ɗa a wata lakwal shi ma ya taimaka ya ɗaga maganar a nasu taron.